Ku daina shafa wa robar mota baƙin mai

1/ Jama'a, yau faɗa na zo yi, kuma kujera na jawo don ba na sauri. Duk wanda ke bari a shafa wa baƙar robar motarsa baƙin mai, ko man birki, ko man takalmi wai don ta yi sheƙi, da shi nake. Ni ma ina cikinku har zuwa bara. Ku biyo ni a hankali. 🧵

2/ Robar da nake nufi ita ce wadda ba fenti a kanta: bambar gaba da ta baya, bakin taya, layin da ke bin ƙofa, gindin madubi, da faffaɗar robar nan ta ƙasan gilas inda waifa ke zama. Masu Vibe, tsohuwar CR-V, RAV4, Golf 3 da Hilux, kun san ciwon. Baƙa wuluk take zuwa, shekara kaɗan ta koma launin toka.

3/ Bara Yayana ya samu aiki a Legas, ya bar mini Vibe ɗinsa 'yar 2006. Maganarsa ta ƙarshe a tasha ita ce, "Ƙanena, amana ce fa, ba gado ba." Aikina in kai Hajiya asibiti da unguwa, in je makaranta, in kula da ita. Ɗalibi ɗan aji uku da makullin mota a aljihu, ai kun san yadda kafaɗa ke tashi.

4/ Ranar ɗaurin auren abokina na kai ta wanki da sassafe. Yaron ya gama, ya kalli bambar da ta koɗe ta yi fari, ya ce, "Oga, a sa mata mai? Wallahi sabuwa dal za ta koma." Na ce nawa? Ya ce na shayi kawai. Na ce bismillah. Ko me ke cikin man ban tambaya ba.

5/ Ya jawo wata yankakkiyar gorar ruwa da soso a ciki. Abu baƙi mai yauƙi, yana warin gareji. Ya bi bamba da bakin taya da robobin ƙofa. Sannan ya ɗauko wata 'yar kwalba daban ya goge taya da gindin madubi. Daga baya na gane na farkon baƙin mai ne da aka juye daga inji, na biyun man birki.

6/ Gaskiya a faɗe ta, motar ta yi kyau. Na ɗauki hoto na ɗora a WhatsApp, Yaya ya turo alamar wuta. Sai muka ɗauki hanyar ƙauyen amarya cikin jerin gwanon motoci, lokacin hunturu, hanyar jar ƙasa. Kafin mu isa, duk inda mai ya taɓa ya koma kamar an barbaɗa masa garin ƙuli-ƙuli.

7/ Ba wannan ne ma tashin hankalin ba. Kawun ango ya jingina da motar yana waya, da farar shadda wadda aka bugo ta sha sitaci. Da ya ɗaga, layi biyu baƙaƙe a bayan babbar rigarsa. Dattijon nan bai zage ni ba. Kallona kawai ya yi ya ce, "Ɗana, motar taka ce?" Har yau ina jin wannan tambayar.

8/ Washegari na ga inda man birki ya gangaro daga gindin madubi: layi guda a jikin ƙofa, fenti ya dushe ya yamutse kamar fatar da ta ƙone. Bayan kwanaki robar bakin ƙofa ta yi laushi ta kumbura, sai an buga da ƙarfi take rufuwa. Bambar kuma? Man ya bushe ya bar ta dabbare-dabbare, gara yadda take da.

9/ Na kira Yaya ta bidiyo na nuna masa. Ya yi shiru, ya ce "Allah ya kyauta," ya kashe. Wallahi gara ya zage ni. Kuɗin da na tara na koyar da yara darasi a hutu, wanda na ware don sayen sabuwar waya, a wurin mai fenti da mai robar ƙofa ya ƙare. Garin neman gira na rasa ido.

10/ Abin kunyar, kimiyyar sinadarai nake karanta, kuma a zangon nan muke darasin robobi. Na san amsar a takarda, na kasa gane ta a gaban kawash. Shi ya sa na zauna na haɗa abin da ke littafi da abin da ya faru da motar Yaya. Ga shi nan, kyauta, kada ku biya kuɗin makarantar da na biya.

11/ Farko, wace irin roba ce wannan? Leƙa bayan bamba ko cikin robar bakin taya, za ka ga an buga haruffa kamar >PP< ko >PP+EPDM-T20<. PP ɗin nan dangin robar bokiti da kujerar roba ne. EPDM roba ce mai laushi da ake haɗawa don kada ta fashe da an ɗan buge ta. T20 kuma kashi 20 ne na farin gari mai ƙara mata tauri.

12/ Baƙin da kake gani ba fenti ba ne, tun a masana'anta ake kwaɓa ta da garin baƙin gawayi mai laushi sosai, tare da wasu sinadarai masu tare hasken rana. Su ne garkuwarta. Amma garkuwar ƙarewa take yi a hankali, kamar batir. Ranar da ta yi rauni a saman robar, ranar toka ke fara fitowa.

13/ A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, ana ce masa UV. Shi da iskar da muke shaƙa ne ke haɗuwa su tsittsinka zaren sinadarin robar. Saman sai ya tsattsage, tsagu ƙanana da ba ka gani, farin garin nan na ciki ya fara leƙowa. Haske ya faɗo a kai ya watse ko'ina, idonka ya ga fari.

14/ Buɗe manhajar yanayi a wayarka da tsakar rana a watan Afrilu, ka duba ma'aunin UV. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi, daga 11 zuwa sama shi ne mataki mafi tsanani. Mu nan ba baƙonmu ba ne. Ƙara da zafin da ke haura digiri 40 a Kano, Sakkwato da Maiduguri. Baƙar roba tana shan azaba.

15/ To riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan zaren: robar da ta yi fari ba ƙishirwar mai take ji ba. Samanta ne ya ƙone. Ba fatar mutum ba ce da za a ce ta bushe a shafa mata basilin. Wanda ya ce maka "robar ta sha mai ta farfaɗo" bai san me yake faɗa ba, ko kuma ya sani yana so ka biya.

16/ Me ya sa to take baƙi idan an shafa? Mai yana cike ƙananan tsagun nan, saman ya yi sumul na ɗan lokaci, haske ya daina watsewa. Ko ruwa ka watsa wa koɗaɗɗiyar bamba za ta yi baƙi har ya bushe. Gwada ka gani. Bambancin mai da ruwa kawai shi ne mai ya fi jimawa, kuma ya fi ɓarna.

17/ Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Baƙin mai: babu komai a cikinsa da aka sa don tare rana. Maƙo ne da shi, yana kama ƙura. Kuma robar bakin ƙofa da ta gilas yawanci EPDM ce, ita kuwa ba ta jituwa da duk man da aka samo daga ɗanyen fetur. Tsotse shi take yi ta kumbura ta yi laushi. Abin da ya samu ƙofar Yaya kenan.

18/ Man birki: ɗauki kwalbar DOT 3 ko DOT 4 ka karanta bayanta. Masu yin sa da kansu sun rubuta kada ya taɓa fenti. Duk bakanike mai hankali idan ya ɗiga a jikin mota da gudu yake watsa ruwa. Shi ne mu kuma muke biyan kuɗi a goga mana shi kusa da fenti, da soso, ana murmushi. Haba jama'a.

19/ Kananzir, gas da fetur: suna wanke maiƙo, shi ya sa ake son su. Amma suna jiƙa robar su tafi da abin da ya rage na kariyarta a sama. Idan suka bushe, farin ya dawo da ƙarfinsa. Tina kuma kada ma a fara. Robar gidan madubi da ta gaban mota sau da yawa ABS ce, tina narka ta yake yi nan take.

20/ Fitilar gaba ma roba ce a yawancin motocin yanzu, ba gilas ba, da wani siririn rufi a samanta mai tare rana. Fetur, tina ko man birki suka taɓa ta, rufin ya tafi, ta yi hazo ko ta tsattsage. Wannan ya wuce maganar kwalliya. Fitilar da ta yi hazo ita ce ba ka ganin mai keke da daddare sai ka zo kansa.

21/ Man takalmi: kaki ne da launi. Rana ta buɗe ya yi laushi, ya bi rigar duk wanda ya jingina. Man gyaɗa da manja: suna yin tsami su koma danƙo, tururuwa ta yi layi, akuyar maƙwabta ta zo ta lashe maka bamba. Akwai Amurkawa a YouTube masu shafa tunkuzar gyaɗa. Su ma man cikinta ne ke ruɗarsu.

22/ Sai 'yan wuta. Ka ga bidiyon da ake bin bamba da na'urar hura zafi ko harshen gas, tana komawa baƙa a gaban idonka. Abin sha'awa ko? PP tana narkewa a wajen digiri 160, na'urar kuma tana iya wuce 500. Saman robar kake narkarwa ya rufe tsagun. Kariya ba ta ƙaru ba ko kaɗan.

23/ Baƙin zai ɗan jima, sai farin ya dawo, ka sake bi da wuta, ya dawo da wuri fiye da na farko. Kowane zagaye robar tana ƙara gautsi. Hannu ya ɗan tsaya a wuri ɗaya, ta lanƙwashe ko ƙwanƙwasar jikinta ta shafe ta bar tabo mai ƙyalli har abada. Gyaran gangar Auzinawa sak.

24/ Man sheƙin taya na gwangwani fa? Shi aƙalla don mota aka yi shi. Amma mai maiƙon nan da ke sa abu ya yi kamar an jiƙa, ƙura yake kira, ruwan sama ya zo ya zana maka layuka a ƙofa. Kuma tambayi mai fenti: silikon ɗin cikinsa idan ya hau jiki, sabon fenti ramuka-ramuka yake yi.

25/ Gargaɗi na musamman ga masu babur da 'yan Adaidaita Sahu: duk abu mai santsi kada ya kusanci wurin taka ƙafa, sirdi, hannun kan babur, fedar birki ko cikin taya inda take taka ƙasa. Haka matakalar Hilux da jif. Hajiya ta taka matakalar da aka shafa wa mai da takalmi mai santsi, wa zai ɗauki alhakin?

26/ Na san me wasu za su ce. "Mu talakawa ne, ina muka ga kuɗin kayan Turawa?" Na ji. Ni ma ɗalibi ne, gari da ƙuli ba baƙona ba ne. Amma ba cewa na yi ka sayi abu mai tsada ba. Cewa na yi barin robar da farinta ya fi shafa mata baƙin mai. Rashin yin komai kyauta ne, kuma ba ya cin fenti.

27/ "Shekara goma muna yi ba abin da ya faru." Leƙa robar ƙasan gilas ɗinka, danna ta da yatsa. Duba robar ƙofa ko tana manne wa hannu. Ɓarnar ba ta zuwa da ƙara, shi ya sa ba a danganta ta da soson kawash. Idan abu ya fashe sai a ce "ai motar ta tsufa." Ta tsufa, amma an taya ta.

28/ "Inji ne mota, roba ado ce." Robar ƙasan gilas ita ke karkatar da ruwan sama da ganye daga mashigar iskar cikin mota. Ta ƙofa ita ke hana ruwa da ƙura shiga. Ta bakin taya ita ke tare tsakuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Damina ɗaya da jiƙaƙƙen kafet za ta koya maka darajarsu.

29/ To me za a yi? Abu na farko ba a sayar da shi a shago: inuwa. Rumfa, gindin darbejiya, gefen katanga, ko rigar mota mai tsabta. Idan kana da zaɓi tsakanin fakin a bakin ƙofar aji cikin rana da tafiyar minti uku daga inuwa, taka da ƙafa. Kashin tsuntsu ka wanke da wuri, shi ke nan.

30/ Na biyu: daina goge ƙura a bushe. Ƙurar hunturun nan da iska ke kwaso mana daga Sahara, har da kwarin Bodele a Chadi, akwai ƙananan ƙwayoyin yashi a cikinta. Ka bi ta da busasshen tsumma kowace safiya, yashi kake gurza wa roba da fenti. Watsa ruwa tukuna, ƙurar ta sauka da kanta.

31/ Na uku: sabulu. Omo da danginsa don kaya aka yi su, suna da kaifi, suna cire duk kariyar da ka sa, kuma idan suka bushe a jikin roba mai ƙwanƙwasa suna barin fari a ramukanta. Sabulun wankin mota na ruwa ya fi, murfi ɗaya ko biyu a bokiti. Kwalba guda tana daɗewa idan ba wanka kake da ita ba.

32/ Yanzu ga yadda na ceto ta Yaya. A inuwa, da safe, jikin mota da sanyi. Kada ka taɓa yin wannan aikin a kan roba mai zafi, komai ka sa bushewa zai yi kafin ya yi aiki. Kayan aiki: bokiti biyu, buroshi mai laushi, tsohon buroshin haƙori, tawul masu laushi masu tsabta, da tef ɗin takarda na masu fenti.

33/ Mataki na ɗaya, cire tsohon maiƙo. A nan kaɗai na yarda da sabulun wanke-wanke na ruwa, ɗan kaɗan a ruwa, don yana yanka mai. Bi ramukan robar da buroshi, ɗauraye, maimaita. Ni sai da na yi zagaye huɗu kafin kumfar ta daina fitowa ruwan ƙasa. Abin da ya fito daga bambar nan, Allah kaɗai ya sani.

34/ Idan akwai farin tabon man goge fenti da ya taɓa robar, abin goge rubutun fensir yana ɗaga shi. Da gaske nake, na ƙanwata na ara. Sannan ka bar robar ta bushe ƙarau. Ba bushewar ido ba, ruwa na ɓuya a ramuka da bakin haɗi. Ba ta awa ɗaya ko biyu, je ka ci abinci.

35/ Mataki na biyu, ɗan sifirit na kemis a tawul, shafa sau ɗaya don ɗauke ragowar maiƙo. Fara gwadawa a lungun da ba a gani. Kada ka kai shi kan fitila, ko baƙar robar nan mai ƙyalli kamar madubi da ke tsakanin gilasan ƙofa a sababbin motoci. Waɗannan ruwa da sabulu da tawul mai laushi kawai suke so.

36/ Abin da ka gani bayan wannan shi ne ainihin halin robarka, ba kwalliya. Wataƙila ka tsorata. Ni na tsorata. Amma daga nan ne za ka san maganin da ya dace, don kayan gyaran roba kala uku ne kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Masu shago da yawa duk "man bamba" suke ce musu.

37/ Kala na farko: mai kariya, mai kama da madara, wanda aka haɗa da ruwa, an rubuta yana tare UV. Misali 303 Protectant. Na robar da ba ta lalace ba ne, ko ta ɗan fara. Ba ya maiƙo idan ka goge shi da kyau. Makonni yake yi, da damina ma bai kai haka ba, sai ka riƙa sabuntawa. Rigakafi ne.

38/ Kala na biyu: mai mayar da launi, wanda ke ɗauke da baƙin rini a cikinsa, irin Solution Finish. Na robar da ta riga ta yi toka ne. Watanni yake kaiwa. Amma rini ne fa, sa safar hannu, liƙa tef a gefen fenti, kuma kada ka sa baƙi a robar da asalinta ruwan toka ce, kamar ta wasu Vibe ɗin.

39/ Kala na uku: rufin seramik na roba, irin Cerakote ko Gtechniq C4. Yana kama jikin robar ya daskare, shi ya fi daɗewa, shi ya fi tsada. Sharaɗinsa tsabta. Ka sa shi a kan ragowar baƙin mai, ka zubar da kuɗinka. Bayan an sa kuma ba ruwa sai lokacin da aka rubuta a kwalin ya cika.

40/ Ko wanne ka samu, doka ɗaya ce: kaɗan, siriri, ka goge rarar. Idan ka shafa yatsa ya ɗauko maiƙo, ya yi yawa. Roba mai lafiya baƙa ce mai ɗan dushi-dushi, ba ta ƙyalli kamar goshin mai suya. Je ka kalli sabuwar mota a wurin sayarwa ka gani ko bambarta na ɗigar mai.

41/ Ku yi hattara da jabu. Kwalbar da ba sunan kamfani, ba bayanin yadda ake amfani, tana warin kananzir, ajiye ta. Dabarar 'yan makaranta: mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi kwalba ɗaya, ta ishi motoci huɗu har da saura. Araha ba ta ado, amma karo-karo yana yi.

42/ Idan robar ta riga ta fara gari a hannu ko ta tsage, ba man da zai dawo da ita. Ko a canza, a Kano a leƙa Kofar Ruwa, a Kaduna Panteka, ko a yi mata fenti. Amma PP ba ta riƙe fenti haka kawai. Tambayi mai fentin ko zai fara sa share fagen da aka yi don roba. In ya ce ba buƙata, ɓarewa zai yi.

43/ Yanzu dillalai, ku matso. Ba duka ba, amma kun san kanku. Motar da ta sha rana a Amurka, ta sha a Kwatano, ta zo ta sha a nan, sai a yi mata wankan mai da asuba, a ce wa mai saye "duba roba, ko rana ba ta taɓa gani ba." Wanke mota don sayarwa daidai ne. Ɓoye aibi da maiƙo algus ne, ko da wane suna aka kira shi.

44/ Mai saye, je da farin hankici a aljihu. Goga a bamba da robar ƙofa, duba, shinshina. Leƙa robar ƙasan gilas, nan aka fi mantawa kuma nan rana ta fi duka. Matsa robar bakin ƙofa ka ji ko ta yi laushi tana manne. Motar da ke ƙyalli fiye da shekarunta, kyan ɗan maciji ne. Ka ce a wanke ta da sabulu ka dawo gobe.

45/ Saura maganar da ta fi damuna. Da farko yaron kawash na ɗora wa laifi. Na koma da niyyar rigima. Na same shi hannu tsundum a gorar nan, ba safa, bayan hannunsa duk ya faffashe. Na ce, "Abokina, wa ya koya maka wannan?" Ya ce, "Oga, in ban sa ba cewa ake ban iya wanki ba, gobe a kai wa na gaba."

46/ Rigimar ta mutu a bakina. Gaskiya ya faɗa. Mu ne muke auna wanki da sheƙi. Mu ne muke ba da na goro idan bamba na ɗigar mai, mu ɓata rai idan ta fito da ainihin launinta. Yaron yana sayar mana da abin da muke nema ne. Kasuwar ƙyalƙyal banza mu muka buɗe ta, mu ke riƙe da ita.

47/ Kuma shi ke biyan farashi mafi tsada. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da dattin ƙonewa da ɓurɓushin ƙarfe. Kamfanonin mai da kansu suna gargaɗin kada ya daɗe a fata, saboda an gwada a jikin dabbobi an ga yana jawo sankarar fata. Yaron nan kullum hannunsa a ciki, da shi yake cin abinci. Saura kuma ya bi kwata.

48/ Don haka idan aka ce "a sa mata mai?" kada ka tsaya a a'a. Tambayi me ke cikin gorar. Ka ba shi na shayinsa duk da bai shafa ba, ka ce aikin ya yi. In kana da naka man kariya a but, miƙa masa ka nuna masa yadda ake sa kaɗan. Mutum goma suka yi haka a kawash ɗaya, gorar nan za ta ɓace da kanta.

49/ Yaya ya zo hutun sallah. Ya zagaya motar sau biyu, ya shafa bamba da yatsa, ya duba yatsan, ba komai. Ya buɗe ƙofa ya rufe. Ya ce, "Wa ya yi maka wannan?" Na ce ni. Ya ce, "To a ci gaba da riƙewa." Makullin na nan a aljihuna. Wayar ce dai har yau ban canza ba, da fasasshen gilas nake rubuta muku wannan.

50/ Aikin gida: fita yanzu da farin tsumma ka goga a bambarka, ka ɗora mana hoton abin da ya fito a ƙasan zaren nan. Masu kawash da masu fenti da ke nan, in akwai inda na kauce ku gyara mini, ɗalibi ne ni. Amma wanda zai zo ya kare man birki a kusa da fenti, ya fara turo hoton ƙofarsa tukuna. Ku tura wa abokin nan naku mai Vibe.